Bangon da Bai Jira Filasta Ba

A Rikoto ta Zuru akwai wani irin ɗaki da ya yawaita har ido ya daina tsayawa a kansa. An rufa masa kwano, an sa ƙofar ƙarfe da taga, an yi daɓen siminti an shimfiɗa leda, ga labule, ga kujeru, ga kalandar coci ko hoton Ka'aba a rataye. Bangon ma an shafe shi da fenti, shuɗi mai haske ko ruwan madara ko kore. Sai dai babu filasta a ƙarƙashin fentin. A kan bulo aka ɗora shi kai tsaye. Daga inda kake zaune za ka iya ƙirga bulon ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa har linta, domin layin kwaɓin da ke tsakaninsu ya ƙi ɓuya. Da hantsi, in rana ta leƙo ta taga, kowane layi yakan yi 'yar inuwarsa, tsarin ginin ya fito sarai. Da dare kuwa, in an kunna fitilar caji an ajiye ta a ƙasa, har ƙananan ramukan da ke fuskar bulon sai sun bayyana.

Masu irin wannan ɗaki sukan ba baƙo haƙuri tun bai zauna ba. "A yi haƙuri da ɗakin namu, ba mu kai ga filasta ba tukuna." Ni kam ban ga abin ba da haƙuri ba. Mutumin da ya sayi bokitin fenti ya shafa wa bangon da bai ga filasta ba, ya ƙudura ke nan cewa iyalinsa ba za su zauna cikin duhu da ƙura suna jiran ranar da kuɗi za su cika ba. Shawara ce mai kyau, kuma ina girmama ta. Abin da ke damuna shi ne yadda sau da yawa ake yin aikin ta hanyar da kuɗin ke tafiya a banza. Damina ɗaya sai ta ɓare fentin, ko kuma mutum ya toshe wa kansa hanyar yin filastar nan gaba bai sani ba.

Gida a ƙasar Zuru a hankali yake tashi. Ƙasa ce da ta ba Najeriya sojoji tun daga kurtu har manyan janar-janar irin su Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, kuma gidaje da yawa da albashin bariki aka gina su. Bana a aiko kuɗin bulo daga Legas ko Maiduguri, baɗi a aiko na kwano, ƙofofi kuma su jira kuɗin sallama. Manomi yakan sayar da dawa ko wake bayan kaka, ya ƙara layi uku ko huɗu, ya bar saura sai Allah ya kai mu wata shekarar. Al'ummar da ta san golmo, inda saurayi kan yi shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ba za ta yi mamakin ginin da ya ɗauki shekara goma ba. A wannan tafiya kowane abu da lokacinsa: harsashi, bulo, linta, kwano, ƙofa, daɓe. Filasta ce ta ƙarshe, saboda ita kaɗai ce gida ke iya tsayawa ba tare da ita ba.

Kuma tana da tsada. Buhun siminti mai kilo 50, ko daga Kalambaina ta Sakkwato ya fito, inda ake yin siminti tun 1967, ko daga Obajana, sai ya sha doguwar hanya kafin ya iso Zuru, kuma kuɗin mota a wuyan mai saye yake ƙarewa. A farkon 2024 farashin buhu ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama. Cikin ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 kowane ɓangare yakan ci buhu biyar zuwa sama, ban da yashi mai laushi da ruwa da ladan birkila da lebura. A gefe guda kuma ga bokitin fenti mai lita 20 da mutum zai ɗauko a bayan babur, ya shafa da kansa ranar Asabar. Lissafin ba ya buƙatar alƙalami.

Ga kuma matsin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Tun da aka kafa Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru a 2020, ɗalibai da ma'aikata ke neman ɗakin haya. Abin da ya fi wannan nauyi, iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Danko/Wasagu da Sakaba sun shigo gari, wasu sun sauka wurin dangi, wasu a kangon da aka rufa wa kwano kwanan nan. Ɗakin da mai shi ya yi niyyar gamawa a nitse sai ga shi cike da mata da yara. Wa zai ce musu su jira filasta?

Bokiti ɗaya ake buɗe wa kowane bango, alhali bangon ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa yanzu shi ne na bulon siminti, mai inci 6 ko mai inci 9. Fuskarsa kaushi gare ta, cike da ƙananan ƙofofi, kuma yana shan fenti kamar yadda garin kwaki ke shan ruwa. Ka shafa, ka juya, ka tarar ya shanye yana neman ƙari. Shi ya sa bokitin da zai ishi ɗaki mai filasta har ya yi saura, a nan sai ya ƙare ba a gama shafi na biyu ba. In kuma aka yi rashin sa'a bulon na masu ƙoron siminti ne, waɗanda ke matsa wa buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙarfinsa, to matsalar ta wuce ta sha. Goga tafin hannunka a jikinsa. In yashi ya zubo, ka sani fentin ba a bango zai kama ba, a jikin yashin nan zai kama, kuma ranar da yashin ya tashi faɗuwa tare za su tafi. Irin wannan bango sai an share shi da tsintsiya mai ƙarfi ko buroshin waya, an cike ramukan da birkila ya tsallake, sannan a yi shafin farko da fenti tsararo wanda zai shiga ciki ya ɗaure fuskar. Shafi na biyu da na uku su ne na ado. Mutane da yawa sukan yi akasin haka, su kwaɓa fentin da kauri tun farko don a rufe ramuka da wuri, sai ya zauna a sama bai kama komai ba.

Na biyu shi ne bulon ƙasa, wanda ake bugawa a akwatin katako a shanya a rana, wanda ya gaji tubalin da. Shi wannan, fentin kanti ba nasa ba ne ko kaɗan. Ƙasa tana kumbura in ta ji laima, tana tsukewa in ta bushe, fenti kuwa ba ya iya bin ta. Bayan 'yan watanni zai fara ɗagowa fallaye-fallaye, kowane falle da ƙasa manne a bayansa, har bangon ya fi da muni. Na uku shi ne jan bulo, wanda aka gasa a wuta. Shi ba shi da yawa a nan, kuma maganarsa daban ce.

Kafin zuwan siminti ba a barin cikin ɗaki tsirara. Da an gama ɗora gini ake yaɓe, da hannu, da ƙasar da aka kwaɓa ta kwana ta yi laushi, har sawun yatsu ya zauna a jiki. A garuruwan Hausa akwai makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, wadda ke ƙara wa yaɓe da daɓe ƙarfi da duhun launi. Akwai laso, da ake haɗawa da katsin marina, na gidajen masu hali. Sai kuma farar ƙasa, wadda aikin mata ce. In Sallah ta gabato ko za a kawo amarya, a jiƙa ta a kwatarniya, a ɗan ɗiga bula don farin ya yi kyau, a shafe ɗaki da tsumma. Sauran bangon kuma jere ya rufe shi, tasoshi da kwanonin sha da langa-langa tun daga gado har sama. A ƙasar Zuru sanin yumɓu tsohon gado ne. Tukwanen matan Lelna, 'yan asalin ƙasar, da siffofin da suke ginawa don ɗorawa a kan kaburbura sun kai har gidajen tarihi na Turai, kuma rumbunan ƙasa da ke tsaye a ƙauyuka shekara da shekaru shaida ne cewa mutanen nan sun san halin ƙasa da ruwa.

Abin da ya haɗa duk waɗannan kayan na da shi ne, ruwa yana shiga cikinsu kuma yana fita. Ba sa kulle bango. A nan ne duk maganar take, domin kowane bango, na ƙasa ne ko na siminti, yana ɗauke da ruwa a cikinsa. Wani ruwan daga ƙasa yake hawowa ta harsashi, musamman inda ba a shimfiɗa leda da kankaren da magina ke kira difisi ba. Wani daga waje yake ratsowa, tunda gidan da bai samu filastar ciki ba da wuya ya samu ta waje, kuma ruwan sama mai iska kai tsaye yake dukan bulon. Damina a Zuru ba irin ta Sakkwato ko Birnin Kebbi ba ce. Takan faɗi tun Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, ruwan ya fi yawa, ga duwatsun da ke kewaye da gari suna gangaro da nasu. A watan Agusta bango yakan yi makonni bai bushe ba. Wannan ruwa dole ya nemi mafita, kuma a hanyarsa yakan narkar da gishirin da ke cikin siminti da yashi ya ɗauko shi. In ya iso fuska ya tarar da hanya a buɗe, sai ya bi iska, ya bar farin gari a jiki wanda tsintsiya ke sharewa. In ya tarar an kulle ta da fenti mai santsi, sai ya taru a baya, gishirin ya daskare, ya tunkuɗo fentin. Kumburin nan da ake gani daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa, wanda yara ke fasawa da farce, asalinsa ke nan.

Shi ya sa nake jin takaici duk lokacin da na ji irin cinikin da ake yi tsakanin uwar gida da mai fenti.

"Ɗana, mai ƙyalli nake so, wanda ake gogewa da tsumma. Ka ga yaran nan."

"Mama, fentin mai ke nan. Shi ya fi ƙarko kam, amma da tsada, kuma sai an sayi kananzir."

"Ba komai, a yi shi ko daga ƙasa zuwa rabi ne. Saman a sa na ruwa."

"An gama, Mama."

Dalilinta mai ƙarfi ne. Ita ce za ta yi fama da sawun hannun yara da manja da hayaƙin risho, kuma ta ga yadda ake yi a makarantu da asibitoci, ƙasa mai duhu mai ƙyalli, sama fari. Amma can a kan filasta aka yi, a ginin da aka tsare wa harsashi. A ɗakinta, rabin nan na ƙasa da take so a kulle shi ne ainihin inda laima ke fitowa. Mai fentin ma sau da yawa ya san haka, sai dai ba ya son musu da babba, ga shi kuma aikin mai ya fi lada. Da zai yi mata adalci da ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, wannan bangon bai kai ga mai ba tukuna." Akwai kuma wani abu da ke tsakanin fentin mai da sabon siminti. Siminti yana da kaifi irin na toka da kanwa, kuma idan wannan kaifin ya gamu da mai a wuri mai laima, sai ya narkar da shi ya mai da shi sabulu. Fentin ya yi danƙo, launin ya ɓaci, ya riƙa kamawa a hannu. Dalilin da ya sa ake cewa a bar sabon gini ya yi aƙalla kwana 28 kafin a kusance shi da buroshi ke nan, kuma in an bar shi ya ga rani guda ya fi.

Da ni za a tambaya, farar ƙasa zan fara ambata, duk da yadda aka raina ta yanzu ana ganin ta ta talaka ce ko ta shafa wa gindin itatuwa da duwatsun bakin hanya in babban baƙo zai zo. Iri biyu ce, kuma ya kamata a bambance. Akwai wadda ake haƙowa a jiƙa kawai. Ita ce ke gogewa a bayan riga in an jingina, sai an haɗa ta da ƙaro ko gam take ɗan zama. Akwai kuma wadda aka gasa dutsenta a wuta, wadda ke tafasa in an zuba mata ruwa. Wannan in an shafa ta, a hankali take shan iskar kabon da ke yawo a sarari, ta koma dutsen da ta fito daga gare shi, a jikin bangon. Ba fata take yi a sama ba, shiga take yi ta zama ɗaya da bulon. Laima tana ratsa ta ta wuce. Kaifinta yana hana fumfuna tsirowa. In ta tsufa ba ta ɓarewa, dushewa take yi, sai a sake shafawa a kai ba tare da an kankare komai ba. Sharaɗinta kaɗan ne: a jiƙa bangon kafin a fara, a yi ta tsararo, shafi uku ko huɗu, kada a tsorata in ta fito kamar ba a shafa komai ba, domin sai ta bushe farin ke fitowa. A kuma kiyaye ido da hannu, tana ƙuna. Wanda ba ya son ta, fentin ruwa marar ƙyalli shi ne na biye, domin shi ma yana barin bango ya yi numfashi gwargwado.

Lokaci ma yana da nasa hukunci, kuma a nan al'adar gari ta dace da bukatar bango. Yawancin shafe-shafe a Zuru bayan kaka ake yi, lokacin da kuɗi ya shigo hannu, Kirsimeti ya ƙarato, ana shirin bikin Uhola da bukukuwan aure, 'yan bariki da 'yan birni suna dawowa gida. A lokacin damina ta ɗauke, hunturu ya fara tsotse laimar da ke cikin bulo. Matsalar hunturu ɗaya ce, ƙura. A rufe tagar da ke fuskantar gabas, a yi aikin da safe kafin iska ta tashi. Masu shafe don Sallah kuwa sai su duba inda ta faɗo a shekarar, tunda tana zagayawa. In ta zo tsakiyar damina, gara a share bangon a rataya sabon labule a jira.

Me ya sa ma za a damu da shafawar? Wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo tsirara ya san amsa. Launin toka yana cinye haske. Farin bango yakan mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, bulon siminti kuwa ko rabin haka ba ya yi. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, inda yaro zai yi aikin makaranta da fitilar caji ko ƙwan sola guda ɗaya, wannan bambanci ba na ado ba ne. Ƙwan ɗaya ne, amma a ɗakin da aka shafa yana iya karanta littafi daga kan tabarma, a ɗayan kuwa sai ya matso ƙarƙashinsa. Sannan ga ƙura. Bulon da ba a ɗaure fuskarsa ba kullum zubar da gari yake, a kan gado, a kan kwanon abinci, a hancin jariri. Ga kuma maƙwabtan da ba a gayyata ba. Ramukan da ke tsakanin bulo gidan kuɗin cizo ne da kyankyaso, kunama ma takan samu wurin fakewa. Sauro yana son bango mai duhu ya lafe da rana. A farin bango ana ganin sa, ana ganin hanyar gara tun tana ɗan siririn zare, ana ganin inda zanzaro ya fara ɗora gininsa. Rabin amfanin aikin ma a cike ramukan yake, kafin a kai ga launi.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗa ba, kuma ya shafi yara. Wasu fentocin mai, musamman masu launin rawaya da ja da ruwan lemo masu kaifi, ana sa musu dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kira da kada dalmar da ke cikin fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma galan ɗin da aka dama a bayan shago aka zuba a robar da ba ta da suna, babu wanda ya auna shi. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba. A 2010 maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a Zamfara sun binne yara fiye da 400 saboda ita. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙaramin yaro ba shi da wani adadi da jikinsa zai ɗauka lafiya. Fentin da ke ɓarewa a tsayin gwiwa daidai bakin mai rarrafe yake. In za a kankare tsohon fentin mai, a fitar da yara, a jiƙa wurin, kada a goge shi da sanfefa a bushe, a kwashe ɓarɓashin a kai nesa da inda kaji ke kiwo.

Jan bulo kuma ina roƙon a yi tunani sau biyu kafin a taɓa shi. Tsohon abu ne a wannan ƙasa. A Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 a inda yake jihar Yobe yanzu, da gasasshen bulo aka gina fada, kuma har yau ana ganin ragowarsa. A Kano unguwa guda ta ci sunansa, Janbulo. Bulo ne da wuta ta riga ta ba shi launi da ƙarfi, ba ya zubar da yashi, ba ya bukatar sutura. A can Niyok ta Amurka, tun shekarun 1960 da masu zane-zane suka fara zama a tsofaffin masana'antun unguwar Soho, bangon jan bulo tsirara ya zama abin yayi, har aka riƙa fasa filasta mai kyau don a fito da shi. Yayin ya iso mu ta wata hanya. A gidajen abinci na Abuja da Kaduna za ka ga an manna takarda ko tayil mai zanen bulo a kan bango mai santsi, an biya kuɗi don a kwaikwayi abin da wani ke jin kunyarsa a gidansa. Ba ina cewa mu so jan bulo don Turawa sun so shi ba ne. Dalilina shi ne, shafa masa fenti hanya ce da ba ta da komowa. Yana shiga ƙofofin bulon, kuma babu wankin da zai fitar da shi gaba ɗaya. Daga ranar ka ɗaura wa kanka sabuntawa duk bayan 'yan shekaru, a kan bangon da da zai yi shekara ɗari bai nemi komai ba. In ɗakin ya yi duhu, a shafa wa bango uku da silin fari, a bar ɗaya yadda yake, a wanke shi da ruwa da buroshi kawai. Hasken zai wadatar.

Wani abin da na lura da shi, fenti a kan bulo ba ya rufa wa magini asiri. Filasta takan yi hakan. A ƙarƙashinta layi ya karkace, kwaɓi ya yi kauri a nan ya yi siriri a can, an cusa gutsuren bulo da takardar buhu a rami, babu mai gani. Da fenti kuwa sai dai a ƙara fito da aikin. Akan shiga wani ɗaki a ga layuka sun miƙe daidai da igiya, kowane bulo ya hau tsakiyar biyun da ke ƙarƙashinsa, an bi bakin kwaɓin da ɗan guntun ƙarfe tun yana ɗanye ya yi lumi. Irin wannan bango in ya sha fari yana da kyan da filasta ba ta da shi, kuma mai ɗakin yakan faɗi sunan birkilan ba a tambaye shi ba. Wannan ya sa nake ganin duk wanda ya san filasta za ta yi masa nisa, ya faɗa wa magini tun ranar farko. "Malam, wannan ginin haka zai zauna, a gyara masa baki." Ƙarin aikin bai wuce na ɗan lokaci a kowane layi ba, kuma magini na ƙwarai yakan ji daɗin a ce aikinsa za a gani.

Saura ranar da kuɗin filastar za su zo, domin yawanci suna zuwa, ko ɗa ya samu aiki ko an biya bashin fansho. A ranar ne ake gane abin da aka shafa a baya. Filasta tana kama bulo ne saboda kaushinsa da shan ruwansa, wato abubuwan nan biyu da fenti ya zo ya toshe. In farar ƙasa ce a jiki, buroshin waya da ruwa sun isa a mayar da bangon yadda yake. In fentin ruwa ne, sai an kankare abin da ya kankaru, an watsa kwaɓi mai ruwa-ruwa ya bushe ya yi kaushi, sannan a ɗora. In kuwa fentin mai ne, babu makawa sai lebura ya bi bangon da guduma da kurfi yana sassara shi taki bayan taki, kuma bulon da dama bai ƙoshi da siminti ba yakan farfashe a wannan dukan. Birkilan da ya ƙi wannan wahala ya ɗora filasta a kan santsi, bayan shekara za a ƙwanƙwasa a ji tana amsawa kamar babu komai a bayanta, daga nan sai tsagewa, sai faɗowa. Ladan sassarar nan kaɗai yakan kai kuɗin fentin da aka shafa tun farko, kuma daga aljihun mai gida zai sake fita.